Fada ya tsufa a kotun coci, ina magadansa?

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili in tofa albarkacin bakina kan karramawar da muka yi wa wani dattijon Fada, wato limamin cocin Katolika, a nan Jos, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a fannin dokokin cocin Katolika. Ba zan kama sunansa ba, don mutum ne mai gudun yabo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, masu jawabi sun yi ta cewa ya yi karatu mai zurfi, amma ba wanda ya faɗa wa jama'a me ya yi da karatun.

Maƙwabtanmu Musulmi ba za su sha wuyar fahimta ba, tunda sun san darajar alƙali masanin fiƙihu. Mu ma muna da kundin doka. An fara tattara shi wuri guda a 1917, da dokoki 2,414, sannan Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar da wanda ake aiki da shi yanzu a ranar 25 ga Janairu 1983, mai dokoki 1,752. A ciki akwai yadda ake riƙon dukiyar coci da yadda ake hukunta limamin da ya yi laifi. Kundin ya kuma wajabta wa kowane bishop ya naɗa limamin da zai shugabanci kotunsa, mai digiri a wannan fanni, wanda bai gaza shekara 30 ba. Irin kujerar da dattijon nan ya daɗe a kai ke nan.

Amma inda dokar ta fi taɓa talaka shi ne aure. Kowa ya san a ɗarikarmu babu saki. Kotun coci ba ta kashe aure, abin da take bincika shi ne ko auren ya ƙullu tun ranar farko. Doka ta 1103 ta ce auren da aka yi bisa tilas ko tsananin tsoro bai ƙullu ba. Ta 1098 kuma ta yi magana kan wanda aka yaudara da gangan, aka ɓoye masa wani babban al'amari don ya amince. To, a ƙauyukanmu na Filato wa bai taɓa jin yarinyar da uba ya riga ya ci sadakinta, aka kai ta gaban Fada tana kuka, dangi suna cewa kunya ce ba? Bayan shekara biyu auren ya watse, ta sake wani auren, ta haifi 'ya'ya, alhali a idon coci auren farko na nan. Daga nan sai ta koma kujerar baya a coci, kowace Lahadi tana kallon mutane suna tashi karɓar jibi, wato gurasar nan mai tsarki, ita tana zaune, wata har ta yi furfura a haka. Irin waɗannan ne Fadan nan yake zama da su. Ya kira gwaggo, ya kira kawu, ya kira katikis, wato malamin addini na ƙauye, da ya koyar da su kafin aure, ya rubuta shaidar kowa. Kuma ba wai da an kai ƙara an yi nasara ba: akwai jami'in da aikinsa kawai ya kare igiyar auren, ya kawo duk hujjar da ke nuna ya ƙullu. Wani lokaci sai an kalli mutum ido da ido a ce masa aurenka na nan daram. Wannan ba aikin mai son farin jini ba ne.

Akwai ma doka ta 1148, da kamar don mu aka rubuta ta. Mai mata da yawa da ya zo neman baftisma zai riƙe ɗaya, amma an ɗora wa bishop alhakin ganin ba a watsar da sauran cikin wulaƙanci da yunwa ba.

A 2015 Fafaroma Francis ya sauƙaƙa hanyar. A da sai kotu biyu sun yanke hukunci iri ɗaya, yanzu ɗaya ta isa idan ba a ɗaukaka ƙara ba. Ya buɗe gajeriyar hanya a gaban bishop idan hujja ta fito fili kuma ɓangarorin biyu sun yarda, ya kuma nemi a yi ƙoƙari shari'ar ta zama kyauta. Shekaru sun wuce, amma je ka Bokkos ko Langtang ka tambayi 'yar Zumuntar Mata ko ta ji labarin. Wasu har gobe suna zaton sai mai kuɗi, ko sai an aika takarda Roma. Wasu kuma suna ɗauka takardar coci ta wadatar, alhali auren rajista babbar kotun gwamnati ce kaɗai ke raba shi.

Don haka ni a ganina, allon yabo da sabuwar riga ba su biya dattijon nan ba. A nemo matasa daga makarantar horar da limamai ta St. Augustine da ke nan Jos a tura su karatun dokar, ko Roma ko cibiyar nazarin Katolika ta Afirka ta Yamma (CIWA) da ke Fatakwal, su dawo su zauna kusa da shi tun yana da ƙarfin koyarwa. Kada a tsaya kan limamai kaɗai, tunda doka ta yarda a sa waɗanda ba limamai ba, mata ko maza, har biyu cikin alƙalai uku a shari'ar aure, muddin malamin coci ne ke shugabanta. Sannan a buga ɗan littafi da Hausa mai sauƙi, a raba wa katikis-katikis, don su ne mutanen ƙauye ke fara kai wa kuka.

Kai ma Edita, ka aika wakilinka ya zauna da shi ko da awa ɗaya ce, ya amsa tambayoyin masu karatu da Hausa. Sirrin mutane ba zai faɗa ba, amma zai bayyana ofishin da ake zuwa da takardun da ake riƙewa.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai karanta jaridarku,
daga Tudun Wada, Jos