Godiya ga Ofishin Yawon Buɗe Ido na Oisans, Masu Kula da 'Yan Keke a Tsaunukan Alps

Zuwa ga shugaba da dukkan ma'aikatan Ofishin Yawon Buɗe Ido na Oisans, garin Bourg d'Oisans, yankin Isère, ƙasar Faransa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Yaya aiki, yaya fama da baƙi?

Na riga na yi muku godiya da Faransanci baki da baki. Wannan kuwa da Hausa na rubuta ta, a bainar jama'a, don 'yan'uwana mazauna Grenoble da Lyon da sauran garuruwan Turai su ji irin aikin da kuke yi, tunda yabon gwani ya zama dole. Ni ɗan Maraɗi ne, neman abinci ya kawo ni Grenoble, kimanin kilomita 50 daga garinku. Sai da furfura ta fara fito mini, likita kuma ya matsa mini da maganar motsa jiki, sannan na koma kan keke. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda kuka karɓi mai keke irina, mai tafiya a hankali yana haki, da mutunci iri ɗaya da wanda kuke yi wa zakarun tsere.

Kowa ya san abin da ke kawo mutane garinku. Daga Bourg d'Oisans ake fara hawan Alpe d'Huez, dutsen da hanyarsa ke da tsawon kilomita 13.8 da kwanar hanya 21, daga tudun mita 720 ko kusa da haka har zuwa mita 1,850. Idan aka yi lissafi, a kowace tafiyar mita 100 hanyar na ɗagawa da mita 8. Gasar Tour de France ta fara hawa wurin a 1952, Fausto Coppi na Italiya ya riga kowa isa. Tun daga nan sunan dutsen ya shiga duniya, har ya zama duk baƙon da ya sauka da keke, wurin yake so ya fara taɓawa. Mu ma da wannan ƙudurin muka shigo ofishinku, ni da abokaina, cikinmu har da wani dattijo da muke kira Alhaji.

Matar da muka tarar a kan tebur ba ta yi mana daɗin baki ba. Ta tambaye mu yawan tafiyar da muka saba yi, da irin giyar da ke kekunanmu, sannan ta shimfiɗa taswira. Ta ce kwanonin farko na Alpe d'Huez, daga ƙasa zuwa ƙauyen La Garde, su ne mafi tsauri, hawan ya kan wuce mita 10 a cikin 100, kuma nan ne baƙi ke ƙarar da ƙarfinsu tun ba a je ko'ina ba. Ta ba mu shawara mu fara da mashigin Ornon, wato hanyar da ke haurawa ta ratsa tsakanin duwatsu, wanda bai kai mita 1,400 ba, hawansa da sauƙi, motoci kuma ba su da yawa. Shi Alhaji ta ce ya yi hayar keke mai batir, babu abin kunya a ciki, mutanen garin ma suna hawa. Ofishin da abincinsa ya dogara da sunan dutse guda, amma ya ce wa baƙo ya ɗan dakata kafin ya hau shi, wannan ofishi ne mai gaskiya. Na sha shiga wuraren da ake yi wa baƙo kirari da abin da yake son ji, a sallame shi, abin da ya same shi a hanya kuwa ruwansa.

Da lokacin hawan ya yi, mun bi abin da kuka ce. Mun yi sammako kafin rana ta buɗe, domin dutsen yana fuskantar kudu, zafinsa da rana tsaka a watan Yuli ba wasa ba ne ko ga wanda ya tashi a Sahel. Mun cika gorunan ruwa a famfunan ƙauyukan da kuka nuna mana a taswira. Lambobin kwanonin daga 21 suke farawa a ƙasa, suna raguwa har zuwa 1 a sama, kowace kwana da allo mai ɗauke da sunan wanda ya taɓa cin zangon gasar a wurin. Ba ƙaramin taimako wannan ke yi wa zuciya ba, don mutum ya san abin da ya rage masa. A kwana ta 7, kusa da wani ɗan coci, nan ne 'yan ƙasar Holan ke yin dandazo ranar gasa, su cika wurin da tufafi masu launin lemo. Mu dai ranar da muka wuce ba mu tarar da kowa ba sai wasu tsofaffi biyu suna hutawa, suka ɗaga mana hannu. Marco Pantani ya haye dutsen nan cikin ƙasa da minti 38 a 1997. Mu ba mu duba agogo ba, kuma babu wanda ya tambaye mu.

Babbar godiyata tana kan shirin nan na Oisans Col Series. A watannin Yuli da Agusta, duk ranar Talata da safe, ana rufe hanyar wani mashigi ga motoci da babura na wasu sa'o'i, a bar wa masu keke kaɗai. Ba a biyan ko sisi, ba a rubuta suna, ba a kuma ƙidaya wa ya zo na ɗaya. Wanda bai taɓa tuƙa keke a hanyar dutse ba, ba zai gane girman wannan abu ba. Kwaltar ƙunci gare ta, a hagu bangon dutse, a dama kwari mai zurfi, ga kuma manyan motocin nan da masu hutu ke kwana a ciki suna bi ta gefenka kamar za su shafe ka. Rabin gajiyar mai keke daga fargaba take zuwa. Ranar da aka ɗauke motocin, sai ka ga iyaye da 'ya'yansu, da tsofaffin mata, da masu keken batir, da samari masu kekunan tsada, duk a hanya ɗaya, kowa da saurinsa. A irin wannan rana na hau mashigin Sabot, can sama da ƙauyen Vaujany, mai tudun mita 2,100, inda kwalta ke ƙarewa mutum ya hango tafkin madatsar Grand'Maison a ƙasa. Da da motoci a hanyar, ina jin ba zan yarda in hau ba. Na san ba ku kaɗai ke yin aikin ba, akwai hukumomin ƙauyuka da 'yan sa kai da ke tsayawa a shingen hanya tun da sassafe. Ku isar musu da gaisuwata.

Haka nan allunan da aka kafa wa masu keke a bakin hanyoyin mashigai, kowace kilomita, masu nuna tudun wurin da nisan da ya rage da tsaurin hawan da ke gaba. Aiki ne da ba ya ɗaukar ido, amma shi ke sa mutum ya san lokacin da zai sassauta da lokacin da zai ƙara wuta.

Akwai gargaɗi biyu da kuka yi mana waɗanda nake so 'yan'uwana su riƙe. Na farko kan hanyar Villard-Notre-Dame ne, wadda aka sassaƙa a jikin dutse. Tana ratsa ramuka masu duhu da ba su da wutar lantarki, saboda haka ba a shiga sai da fitila gaba da baya. Na biyu kan mashigin Galibier ne, mai tudun mita 2,642, wanda Tour de France ta fara haurawa a 1911. Daga ɓangarenku ana bi ta mashigin Lautaret, mai mita 2,058, a wuce dutsen tunawa da Henri Desgrange, mutumin da ya kafa gasar. Kun ce mu tafi da rigar sanyi ko da ana zufa a kwari, mu kuma duba birki kafin gangara. Gaskiyarku. A can sama iska kamar reza take, yatsu su ƙage har riƙe birki ya gagara. Kun kuma tuna mana cewa dusar ƙanƙara na rufe manyan mashigai irin su Galibier tun daga kaka har wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, don haka a riƙa tambaya kafin a ɗauro niyya.

Wasu daga cikin samarinmu sun fara maganar shiga La Marmotte, gasar nan ta gama-gari da ake yi tun 1982. Tafiya ce ta kusan kilomita 175 a yini guda, a haura Glandon da Télégraphe da Galibier, a ƙare a Alpe d'Huez, hawan duka ya kai mita 5,000. Ban hana su ba. Tun da Daniel Teklehaimanot na Iritiriya ya sa rigar gwarzon hawan dutse a Tour de France a 2015, ɗan ƙasarsu Biniam Girmay kuma ya ci koriyar rigar gwarzon tara maki a 2024, yaranmu sun daina ganin tseren keke wasan Turawa ne kawai. Ni dai na ce musu su fara biyawa ta ofishinku, a faɗa musu gaskiyar abin da ke gabansu. Ni da Alhaji kuwa, mashigin Croix de Fer muke hari baɗi in Allah ya kai mu, mita 2,067, a hankali, da hutu a bakin madatsa.

Ina da roƙo guda. Idan da hali, ku duba yiwuwar ƙara ranakun rufe hanya, musamman ranar Asabar ko Lahadi, ko kuma a cikin Satumba. Da yawa daga cikinmu ma'aikata ne da ɗalibai, samun hutu ranar Talata yana yi mana wuya, ga shi kuma akwai matanmu da 'ya'yanmu da ba za su hau ba sai ranar da babu mota.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa ofishinku albarka, ya tsare duk mai hawa da mai sauka a hanyoyinku.

Naku,
Wani ɗan Maraɗi mazaunin Grenoble