Wasiƙa zuwa ga ɗana, sabon alƙali

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Na ji an rantsar da kai. Allah ya taya riƙo, ya tsare ka daga haƙƙin mutane.

Ka san kakanka alƙalin En'e ne, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, amma abin da ya biyo bayan rasuwarsa ban taɓa ba ka labari ba. Yana cikin waɗanda suka yi makarantar shari'a ta Kano, wadda aka buɗe a 1934, albashinsa kuma daga baitulmali yake fitowa. Ya rasu yana kan aiki, kafin 'yancin kai na 1960, ina ɗan yaro. Ranar da aka kai shi makwanci, ranar albashi ya yanke. Turawan gwamnati suna da asusun matan mamata da marayu, ana cire musu wani abu duk wata. Mu sai ta'aziyya.

Gidan da muke ciki gidan alƙali ne, ba namu ba. Hajiya kakarka ba ta gama takaba ba aka aiko dogari ya faɗa mana sabon alƙali na tafe. Ya tsaya a zaure yana sosa ƙeya, don shi ma kunya yake ji. Doki aka fara sayarwa, sai alkyabba. Littattafan fiƙihu ne suka fi yi mata ciwo; ta riƙe gafakar ta daɗe kafin ta miƙa. Daga nan ta kama tuyar ƙosai, ni ke talla, a ƙofar mutanen da jiya suke zube wa mahaifina.

Kada wannan ya sa ka miƙa hannu ga masu ƙara, a'a. Da tsarkin hannun kakanka na yi aure, don surukina sunansa kawai ya tambaya.

Ka mallaki muhalli naka tun yanzu, ko ɗaki biyu ne. Ka je ofis da ƙafarka ka ga me dokar fanshon jiharku ta tanadar wa wanda ya mutu a bakin aiki, ka duba sunan wa aka rubuta a takardar magaji. Basussuka da amanar mutane ka rubuta su, matarka ta san inda takardar take. In tana son sana'a, kada ka ce matar alƙali ta fi ƙarfinta.

Ka gaida jikokina. In za ka zo hutun salla, ka taho da takardun filin nan mu duba tare.

Mahaifinka