Ba ita ce mafi girma ba, ita ce dai hannu ya kai

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta ɗan labarin da kuka buga a shafin kimiyya kan lambar nan da ba ta rabuwa, wadda wani Ba'amurke mai suna Luk Durant ya gano a watan Oktoban 2024. Na ji daɗin ganin lissafi a jaridar Hausa. Sai dai kun ce ita ce "mafi girma a duniya", kuma ɗalibaina sun riga sun fara kafa mini hujja da ku.

Irin waɗannan lambobi, ni a aji nakan kira su gagara-raba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai kasa dankalin turawa a kasuwar Farin Gada ya san su. Ba ta guda 12, za ta kasa maka uku-uku, huɗu-huɗu ko shida-shida, ba saura. Ƙara mata ɗaya su zama 13, duk yadda ta juya sai wani ya yi rara. To 13 gagara-raba ce, haka 2, 3, 5, 7 da 11.

Ba su da ƙarshe, kuma Yuklid, masanin lissafin Girka, ya tabbatar da haka tun kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ka ce ka tattara su kaf. Sai a ninka su da juna a ƙara 1. Duk wadda ka raba wannan jimla da ita cikin naka, 1 zai yi saura. Ke nan akwai wata a waje da ba ka ƙirga ba.

Ta Durant kuwa 'yar dangin lambobin nan ce da ake kira da sunan Marsen, wani limamin Kirista na Faransa a ƙarni na 17. Ana jera 2 a ninka su, a cire 1: a jera 2 sau uku (2×2×2) a sami 8, cire 1 ya zama 7, a jera sau biyar a sami 32, ya zama 31, duka gagara-raba. A tasa an jera 2 har sau 136,279,841, aka sami lamba mai alƙaluma 41,024,320, ta 52 da aka sani a dangin. Na zauna na buga: mai rubuta alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin tuwo, sai ya shafe kwana 474 da ɗoriya. Wadda ta ture, ta 2018, alƙalumanta ba su kai miliyan 25 ba.

Wani yaro a ajina ya ɗauka dabarar kullum tana ci. Na sa shi ya gwada jera 2 sau 11, ya sami 2047, ya yi ta murna. Sai da na ce ya ninka 23 da 89 ya yi tsit.

Don Allah a fitowa ta gaba ku ƙara kalmomi uku kacal: "da aka sani".

Naku,
Wani malamin lissafi,
Unguwar Rogo, Jos