Kayan Diwali: A Duba Yadi Kafin A Duba Ado

Edita,

Ina neman ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin matan da maƙwabta ko abokan aiki 'yan Indiya ke gayyata bikin Diwali a Kano ko Legas, da ɗalibanmu mata da ke karatu a can Indiya, da kuma telolin da ake kai wa ɗinkin. Yawancinmu a fim muka san kayan nan, shi kuwa fim kyau kawai yake nunawa, ba ya nuna yadda kayan ke zama a jiki.

Diwali, bikin fitilu na Indiya, kwana 5 ake yi, a watan Oktoba ko Nuwamba. Babban daren shi ne na 3, wanda mabiya addinin Hindu ke bautar Lakshmi, allahiyar arziki a wurinsu. A daren ana jera ƙananan fitilun yumɓu masu mai da lagwani, irin aci-bal-bal ɗinmu, a ƙasa: bakin ƙofa, kan matakala, tsakar gida. Ga yara na wasan tartsatsin wuta. Don haka tambayar farko ita ce da wane zare aka saƙa yadin. Nailan da foliyesta da yadin raga, in wuta ta taɓa su narkewa suke yi su manne a fata. Auduga ma tana ci, amma ba ta narkewa. Shi ya sa likitoci a Indiya kan ja kunne kowace shekara cewa a sa auduga wadda ba ta da fal-fal a wannan dare. Wadda ba za ta haƙura da sheƙi ba, ta nemi siliki na gaske ko Chanderi na jihar Madhya Pradesh, wanda ake haɗa auduga da siliki, mara nauyi.

Gane siliki ba wuya. A zare zare ɗaya daga gefe a ƙona. Na gaske ƙaurin gashi yake yi, tokarsa ta murmushe a yatsa. Na roba dunƙulewa yake ya yi tauri. A Indiya kuma akwai tambarin Silk Mark da ake maƙala wa siliki tsantsa.

Sari, wato dogon yadin da matan Indiya ke naɗawa a jiki, wanda aka fi sawa mita 5 da rabi ne, wato yadi 6, galibi da ƙarin kusan santimita 80 da za a yanke a ɗinka 'yar rigar da suke kira choli. A tambayi mai sayarwa ko ƙyallen rigar na ciki, domin wasu babu. Banarasi na birnin Varanasi da Kanjivaram na Kanchipuram su ne manya, sai dai suna da nauyi da tsada, kuma sabuwar hannu ba ta jin daɗinsu.

Inda aka fi samun matsala shi ne abin da ido ba ya gani. Sari ba shi da maɓalli, a fatari ake cusa shi, don haka fatarin ya zama mai zariya, ba mai roba ba. Roba tana saki saboda nauyin yadi, kafin a ci abinci sari ya fara jan ƙasa. Launin fatarin ya dace da na sarin, tsawonsa ya tsaya a idon sawu. Sannan tela ya ɗinka wani ƙyallen auduga mai faɗin kamar inci 5 a ciki, bin gefen ƙasa. Shi ke ba ninkin nauyi ya sauka daidai, ya kuma hana takalmi cin bakin yadi. Wannan ƙyallen a wanke shi kafin a ɗinka, in ba haka ba zai shige bayan wanki ya tattare gefen. A sa takalmi tukuna kafin a fara ɗauri, don a kansa ake auna tsawo. Ninkin gaba 5 zuwa 7 ya isa, kowanne kamar inci 5, a cusa su ƙasa da cibiya kaɗan suna kallon hagu, a kama da fil. Jelar da ake kira pallu ta bi kafaɗar hagu, ita ma a kama ta da rigar. Jelar da aka saki tana lilo ita ce ke fara lasar fitila idan an sunkuya.

A ganina, wadda ba ta taɓa ɗaura sari ba ta bar shi zuwa wani lokaci, ta sa salwar kameez ko anarkali, wato doguwar riga mai baza da wando da gyale. Suna rufe jiki, ana iya zama da su a ƙasa, kuma ba mai cewa ba a yi shigar biki ba. Lehenga, siket mai faɗi da choli, yana da kyau, amma a rage shi ya tashi daga ƙasa da inci 1. Choli kuwa ba dole ta bar ciki a waje ba. Tela na iya tsawaita ta ya sa dogon hannu. Gyalen, wanda kan kai kusan mita 2 da rabi, a kama shi a kafaɗa.

Batun launi gajere ne: ja, ruwan ɗorawa, ruwan goro, kore, ruwan zinare. Gidaje da yawa ba sa son baƙi a daren, fari zalla kuma kayan makoki ne da na matan da mazansu suka mutu. Rinin Bandhani na Gujarat da Rajasthan yakan zuba, a goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a gefe a gani. Turare kuma a fesa a jiki kafin a sa kaya, domin yana dushe zaren zinaren da ke bakin sari.

Taku,
Wata mai karatu daga Kano