Zuwa ga Honarabul, kan tambayar wa ya biya ni

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Jikana ne ya kunna mini muryarka a waya, inda ka tsaya a gidan rediyo kana neman in faɗa wa jama'a wanda ya biya ni nake sukar shawararku ta a daina zaɓen shugabannin ƙananan hukumomi, gwamna ya riƙa naɗa "ƙwararru". Ka ƙara da cewa na shekara da shekaru ina cin albashi a ƙarƙashin kantomomi, ko tari ban taɓa yi ba.

Maganar biyan nan ta sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Shekara 32 na yi a sashen kuɗi na ƙaramar hukuma, na yi ritaya a gidan da na gada, har yau giratutina bai fito ba. In kana da labarin mai biyana, don Allah nuna mini ƙofarsa, mai shagon unguwarmu yana bina kuɗin gero.

Shirun kuwa gaskiya ne, ƙaramin ma'aikaci ba ya ja da mai sa hannu a albashinsa. Amma ido na gani. Na sha ganin an aiko wa kantoma takarda daga babban birnin jiha, kuɗin wata sun faɗa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, ya sa hannu cewa ya karɓi duka, alhali ɗan abin da aka yaga masa ko albashin malaman firamare bai kai ba. Ba ya cewa uffan, domin da sanarwar rediyo aka ɗora shi, da ita za a sauke shi. Kai ma ka ɗana kujerar nan wata tara, ka fi ni sani. Ƙwararrun da kake faɗa ma na ga irinsu: surukin wane, yaron wane, sai sojan baka.

Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 cewa ya yi zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi. Ranar 11 ga Yuli 2024, a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya kai gwamnoni 36, Kotun Ƙoli ta haramta kantomomin riƙo, ta ce a tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Abin mamaki, sai bayan wannan hukunci ƙaunar ƙwararru ta kama ku.

Inda ka ce zaɓen da hukumomin jihohi ke shiryawa wasan yara ne, ban musa ba. A Kano, APC ta lashe kujeru 44 duka a 2021, NNPP ta lashe 44 duka a 2024. Ai wannan naɗi ne aka sa wa rigar zaɓe, kai kuma so kake a tuɓe rigar a huta. An gudu ba a tsira ba ke nan. Dubi Abuja, inda INEC ke shirya zaɓen: a 2022 APC uku, PDP uku. A miƙa wa INEC aikin.

Abin da ke ƙona mini rai, rufin firamaren garinmu da iska ta yaye, damina uku ke nan yara na karatu a gindin darbejiya, kuma babu wanda za mu tare a masallacin Juma'a mu ce ƙuri'armu ka ci.

A gaida iyali. In an fara rabon kujerun ƙwararrun, Allah Ya sa kada a manta da sunanka.

Naka,
Tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma