Inshorar lafiya: ina rabon ƙananan yara?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi tsokaci kan dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa (NHIA) a Najeriya, wadda aka sa wa hannu a 2022. Dokar ta tanadi asusu don marasa galihu, ciki har da masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A takarda kam ba laifi.

Amma leƙa asibitin sha-ka-tafi da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara. Ga uwa goye da ɗa jikinsa zafi rau, an rubuta mata magani, tana kwance bakin zani tana ƙirga canji. Ba ta ma taɓa jin labarin asusun ba. Wata ba za ta zo ba sai yaro ya fara shiɗewa.

Me zai hana a riƙa yi wa yaro rajista ranar da aka kawo shi allurar riga-kafi? Kuma a biya asibitoci kuɗinsu a kan kari. Nijar ta soma kula da irin waɗannan yara kyauta tun 2006, amma jinkirin biyan asibitoci ya sa magani ya riƙa yankewa.

Wassalam,
Wani mai karatu, daga Kano