Gidan Nona ya shiga kasuwa

Caxias do Sul, Lahadi 13 ga Yuli, 2025

Dogo, assalamu alaikum.

Kafin ka buɗe baki, na sani. Saƙonninka na murya guda huɗu suna nan a wayata tun Babbar Sallah. Na saurari uku, na huɗun da na ga minti tara ne sai na ce wannan huɗuba ce, sai na yi alwala tukuna. Ba fushi nake yi ba, kuma ban zama Bature ba kamar yadda ka je ka tsegunta wa Yaya. Maganar da ke cina ce ba ta waya ba, ga ka kuma da katse mutum tun bai kai aya ba. Yaya amarya, wadda ba zan daina ce wa amarya ba ko ta yi jika? Yaya yara, yaya Kwari, yaya damina? Maganar bizar ƙaninka tana raina, zan zo kanta.

Kuna damina, mu muna tsakiyar hunturu. Kai da kake kukan sanyin Kano, ka zo nan ka kwana ɗaya. Garin a kan tudu yake, kusan mita 800 sama da teku, da asuba in ka leƙa tsakar gida sai ka ga ciyawa ta yi fari fat, raɓa ta daskare a kanta. Hazo kan rufe gari har jirgi ya kasa sauka. A Yulin 2021 ma dusar ƙanƙara ta zuba, manya da furfura suka fito titi suna ihu kamar yara. Wai Barazil ke nan, ƙasar da muke gani a talabijin kowa ba riga a bakin teku. Yanzu haka safa biyu ce a ƙafata, ina zaune gindin murhun itace na ƙarfe, uwargida tana gasa pinyawun a kansa. 'Ya'yan wata doguwar bishiya ce mai kamar lema, ɗanɗanonsa na tuna min da dafaffiyar gurjiya.

To ga maganar. Nona (wato kaka mace a bakin mutanen nan), tsohuwar da muke zaune a saman gidanta, ta faɗi a banɗaki watan jiya, ƙugu ya karye. An yi aiki, ta tashi, amma shekara 90 ba wasa ba, 'yarta za ta tafi da ita Porto Alegre. Gidan za a sayar, sama da ƙasa, har da 'yar rumfar inabin da ke baya. Kuma tsohuwar nan ta kafe, ta ce ba wanda za a yi wa tayi sai an fara yi mini.

Na san kana can kana dariyar sunan. Ba ka ji komai ba, kaka namiji nono ake ce masa. Shekara goma sha ɗaya ina garin nan, har yau in na ji ƙato da gemu yana cewa zai je gaida nononsa sai na sunkuyar da kai.

Babban ɗanta ya so in je banki. Na ce masa ba na cin bashi da ruwa, ya dube ni kamar na ce ba na shan iska. Ita ce daga kan gadon asibiti ta raba gardama, ta ce in ba da abin da na tara, sauran in riƙa biya wata-wata har shekara takwas, ba ƙarin ko kwabo, a je a rubuta a buga hatimi. Dogo, in ka san mutanen nan za ka gane girman abin. Jikokin 'yan Italiya a jihar nan, waɗanda ake ce wa giringo, sun yi suna wajen riƙon kuɗi, su da kansu suke yi wa kansu ba'a a kai. Nona takan wanke ledar madara ta shanya. Ta taɓa hawowa ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ƙarfe goma na dare don na bar fitilar baranda a kunne, fitilar da ni nake biyan kuɗin wutarta. Sai ga shi yau ita ce take yafe ribar shekara takwas.

Matsalar ita ce abin da na tara ɗin ka san na mene ne. Ginin da nake yi a Aboabo, can Kumasi, yana nan a linta tun kafin korona, Inna kuma duk wayar da za mu yi sai ta ce an yi ruwa, bulo yana shan wahala. Kuɗin kwano da ƙofofi ne. In na zuba su a nan, na gaya wa Inna ke nan ba da baki ba cewa ɗanta ya zauna.

Bari in faɗa maka abin da ya hana ni barci, kada ka ce na fara falsafa. Kakannin Nona daga Beneto suka taso, arewacin Italiya, talauci ya koro su. Jamusawa sun riga su zuwa jihar tun 1824, sun kama kwari da bakin koguna, saboda haka su da suka fara isowa a 1875 sai aka tura su kan duwatsu cikin kurmi, aka yanka wa kowane gida gona bisa bashi. Da gatari suka buɗe wurin. Mutanen Kaingang da ke dajin tun asali ba a cika son tada zancensu ba, tsohon sunan wurin ma, Campo dos Bugres, kalmar raini ce gare su. A watan Mayun nan aka yi bikin cika shekara 150 da zuwan nasu, gari ya cika da tutar Italiya, yawancin masu ɗaga ta ko filin jirgin Roma ba su taɓa gani ba. Ina tsaye ina kallo sai na tuna mu. Kakanninmu goro ya kai su Kumasi, suka yada zango, wai kafin su ɗaure kaya su juya. Zango fa, wurin kwana biyu. Ga shi can an haifi kakana, an haifi Baba, an haife ni da kai, har yau sunan unguwar bai canza ba kuma ba wanda ya juya. Kai ne ma ka yi ƙoƙari ka koma Kano, su kuma suna ce maka ɗan Gana.

Af, tunda na ambaci Kano. Ka san manyan motocin nan na tashar New Road da ke Sabon Gari, waɗanda kuke ce wa makofolo? 'Yan garin nan ne. Kamfanin Marcopolo a nan aka kafa shi a 1949, kuma rabin mutanen da na sani ko dai a can suke aiki, ko a Randon masu ƙera bodin tirela, ko a ƙananan masana'antu irin tamu da ke yi wa manyan kayan haɗi. Tun da na bar yankan kaji na koma walda, duk motar da ta wuce sai in ce wataƙila da hannuna a ciki. Saboda haka in ka hau wata zuwa Legas kujera ta karye da kai, nauyinka ne, ba aikina ba.

Aiki shi ne addinin garin nan na biyu, wani lokaci ma ina zargin na farko ne. Ƙarfe shida na safe cikin wannan sanyi tashar bas ta cika. Ba ruwansu da doguwar gaisuwa, ka ce wa mutum yaya gida yaya gajiya sai ya tsaya yana jiran ka faɗi abin da kake nema. Abin da za su fara tambayarka shi ne a ina kake aiki, junansu kuma sunan zuriya suke tambaya, daga nan su san ƙauyen da kakan mutum ya sauka. Ga alfahari da gari. Duk tsohon da ka zauna da shi minti biyar sai ya gaya maka jirgin ƙasa ya iso a 1910, an fara bikin inabi a 1931, kuma a bikin 1972 ne aka fara nuna talabijin mai kala a duk faɗin Barazil. Na ji wannan ta talabijin ɗin ya fi sau hamsin. Sai Tite, wanda ya horar da 'yan ƙwallon ƙasar a kofin duniya biyu, ɗan garin ne, kada ka kuskura ka zage shi a shagon aski. Kulob biyu ne, Juventude da Caxias, gabarsu kamar Kotoko da Hearts a Gana. Ni na bi Juventude saboda kore da fari, na ce ko ba komai na yi wa abokina ɗan Najeriya kara.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai masu ganin kwale-kwalen kakansu ne ya kamata ya zama na ƙarshe. Akwai wanda har yau ba ya zama kusa da ni a bas. Kuma ba mu kaɗai ba, har 'yan ƙasarsu na arewa. A 2023 aka ceto ma'aikata sama da 200, yawancinsu 'yan jihar Bahiya, daga aikin tsinkar inabi mai kama da bauta a Bento Gonçalves, nan kusa da mu. Amma kuma ba na manta waɗanda suka tare mu a 2014, lokacin da muka cika ofishin 'yan sandan tarayya da takardun neman mafaka da rigunan shan iska. Sistocin cocin Katolika ne na ƙungiyar Scalabrini, wadda tun asali don 'yan Italiya masu ƙaura aka kafa ta. Su suka nemo mana barguna da wurin kwana, ana azumi, ba wadda ta tambaye mu addini. Yanzu mu ne tsofaffin baƙi. 'Yan Sanagal da muka tarar suna ta kasa agogo da tabarau a dandali, 'yan Haiti sun cika wuraren gini, ga 'yan Benezuwela sun shigo, har na kama kaina ran nan ina cewa sabbin zuwan nan sun cika hayaniya. Na yi istigfari.

Akwai wani babban gunki a bakin gari, miji da fartanya a kafaɗa, mata ta ɗaga jariri, shugaba Getúlio Vargas ya buɗe shi a 1954 don tunawa da baƙin da suka kafa wurin. An kai su 'yata Ummi daga makaranta. Ta dawo tana tambayata ko ni ma wata guda na yi a jirgin ruwa. Na ce a'a, ni ta sama na zo da bizar kallon ƙwallo, kuma ko wasa ɗaya ban kalla ba. Shekarar da aka cika jirgi da dala miliyan uku aka kai wa 'yan wasanmu, suka ci kuɗin suka dawo gida tun zagayen farko. Ka tuna cacar bakinka da Ɗan Liman a kan wannan? Ina sidi biyar ɗina?

Ummin ce ɗaya rabin damuwar. In na yi mata Hausa da Fotugis take amsawa, kuma irin ta garin, da su "ba" da "ce" a bakin kowace magana. Rannan Inna ta yi ta magana a waya, yarinya tana murmushi tana kallona in fassara. Ka san wa ya yi mini faɗa? Nona. Suna da yarensu da ake kira Taliyan, na mutanen Beneto ne da ya cakuɗa da na nan. Da Barazil ta shiga yaƙi da Italiya da Jamus a 1942 aka hana yin sa a fili, har sunan babban dandalin gari aka canza. Ta ce tana yarinya ubanta ba ya buɗe baki in sun shigo kasuwa, don tsoron kada harshensa ya tona shi. Ta girma tana jin kunyar yaren, ba ta koya wa 'ya'yanta ba, yau jikokinta zagi da sunan abinci kawai suka iya. Ta nuna ni da sanda ta ce mu hukuma ce ta hana mu, kai wa ya hana ka? Ban sami amsa ba, na ce mata tuwonta yana ƙonewa.

Tuwo fa na gaske. Polenta suke ce masa, tuwon masara ne sak, sai dai su zuba a faranti na katako su yanka da zare. Ranar da uwargida ta zuba mata miyar kuka a kai, tsohuwa ta ci ta yi shiru, can ta ce kore ne dai kamar abin da ke kwatami amma a ƙara mata. Tun da ta gane maganar alade ta ware mana tukunya guda, ba ta taɓa kuskure ba, inabin baya kuma rabonmu ruwa take matse mana kafin ɗanta ya kwashe sauran ya yi abin da suke yi da shi. Har shimahawun na koya, ganyen nan mai ɗaci da ake sha a ƙoƙo ɗaya da tsinken ƙarfe ɗaya ana zagayawa. Kada ka juya tsinken, kada kuma ka ce na gode sai ka ƙoshi, in ka faɗa an cire ka daga layi.

Abu ɗaya ne ban gaya wa ko uwargida ba. Na raka Nona kabarin mijinta sau da yawa. A bango yake, Dogo, hawa-hawa kamar durowa, an manna hoto a jiki. Duk sanda ɗan Sanagal ya rasu sai 'yan'uwansa su yi karo-karo a kai gawa gida, muna sa namu. Gida dai ana saye, amma wannan fa? In na tuna sai in ji kwanon Aboabo ya fi mini komai. Da gari ya waye kuma in ga Ummi da jakar makaranta tana tsalle a matakalar da ta koyi tafiya a kai.

Wai da gaske ne Ɗan Liman ya ƙara aure? Da wane kuɗin? Mutumin da ya ci akuyar Malam! Yaya ce ta faɗa mini a gurguje kati ya ƙare. Ka ba ni labarin tun daga tushe, wannan ko minti ashirin ne zan saurara.

Sun ba ni zuwa ƙarshen Satumba. Na san ba ka fashin Maulidi a Kumasi. In ka je, ka zauna da Inna bayan la'asar lokacin da ba kowa, ka ɗan gutsura mata zancen kamar daga kanka ya fito, ka ji ta bakinta. Kada ka ce gida, ka ce ana yi mini tayin wuri. Ka kalli fuskarta da kyau, don a waya komai na ce sai ta ce Allah ya yi albarka. Sannan ka leƙa ginin ka ɗauko mini hoton bangon gabas, an ce ya tsage.

In akwai mai tahowa São Paulo a haɗo mini daddawa da kuka da yajin nan na amarya, kukarmu ta kusa ƙarewa kuma tsohuwa ta ce sai an yi mata guzurin ta. Yaranka kuma su riƙa turo wa Ummi saƙon murya, tatsuniya ko zagi ma duk ɗaya, in dai da Hausa ne.

Ka gaida kowa da kowa, ban da Ɗan Liman sai ya yi bayani.

Naka,
Giringon Aboabo